Wa Ya Yi Kisan? Gardamar Ranar Sallah A Majalisun Nguru Da Gashuwa

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a garuruwan arewacin Jihar Yobe ya san yadda yinin yake tafiya. Da hantsi an sauko daga Idi, masu zuwa fada sun je sun yi gaisuwa, an ci tuwon Sallah an sha fura, sa'an nan sai rana ta buɗe da irin zafin nan nata wanda ba mai iya ratsa shi sai yara masu yawon neman goron Sallah. A wannan lokaci ne dattawa kan janye jiki zuwa zaure ko gindin darbejiya, a shimfiɗa tabarmi, a ɗora butar shayi, abokan ƙuruciya waɗanda neman abinci ya warwatsa su Kano da Maiduguri da Ikko su sake haɗuwa, wataƙila karo ɗaya ke nan a shekara.

Gaisuwa ita ce farko, kuma ba a gaggawa da ita. Barka da Sallah, barka da shan ruwa, Allah Ya karɓi ibada, Allah Ya maimaita mana. A tambayi iyali ɗaki ɗaki, a lissafa waɗanda aka yi Sallar bara da su bana babu su, a yi musu addu'a, kowa ya nemi ɗan'uwansa gafara. Daga nan a gangara kan tsadar gero, da halin da kogi yake ciki, da kifin da ya yi wuya. Amma a wasu majalisun, musamman na mutanen da samartakarsu ta faɗo cikin shekarun 1960 da 1970, da wuya a tashi ba a tono wani tsohon fim ba. Cikin tsofaffin finafinan nan kuwa babu masu tayar da jijiyar wuya irin na bincike, watau waɗanda akan tsinci gawa ko a sace dukiya tun da fari, a bar ɗan kallo da mai bincike su yi tseren gano wanda ya aikata.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mutumin Nguru ko na Gashuwa, mazauna bakin hamada, da 'yan sandan ciki na Bambai da Landan? Amsa ta farko tana tashar jirgin ƙasa.

A 1930 ne aka gama shimfiɗa hanyar dogo daga Kano zuwa Nguru, tafiyar kimanin kilomita 230 ta kan Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, kuma a Nguru dogon ya tsaya, bai ƙara gaba ba. Saboda haka tsohon garin nan na Galadiman Barno ya zama matattarar kayan gabas: gyaɗa da ƙaro da fatu da bandar kifi da shanu duk nan ake tara su a yi lodi. Gashuwa kuwa, wadda take kimanin kilomita 65 gabas da Nguru a bakin Kogin Yobe, wadda kuma fadar Mai Bade ta komo cikinta daga Gogaram a 1946, ta hanyar mota take miƙo nata kayan zuwa tasha. Jirgin da ya tafi da gyaɗa kuwa ba ya komowa wofi. Yakan zo da jakar wasiƙu, da jaridu, da akawuna da ma'aikatan reluwe 'yan kudu, da kuma fatake waɗanda suka kwana biyu a Kano suka leƙa silima.

Kano tana da silimar Rex tun 1937, Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950, daga bisani aka sami irin su Plaza da El Dorado da Orion da Marhaba. Yawancin masu harkar Kwarori ne 'yan asalin Labanan, kuma su ne tun cikin shekarun 1950 suka fara shigo da finafinan Indiya. Mutanen karkara da ma sun san majigi, wanda motar gwamnati kan kawo ta kafa a ƙofar fada ko filin makaranta, amma majigi gargaɗi ne kan noma da tsabta da riga-kafi, irin su Baban Larai. Labarin kisa da sata da ɗan sanda mai ɓad da kama, wannan sai wanda ya je birni. Shi kuwa in ya komo ba ya barin abin a cikinsa. An yi gwanayen ba da labarin fim a garuruwan nan waɗanda kan raba fim ɗaya dare uku, su yanke magana daidai inda hannu ya miƙo daga bayan labule, su ce sai gobe. Ta haka mutane da yawa suka san wasu finafinai da kunne shekaru kafin su gan su da ido. Da akwatin bidiyo ya yawaita cikin shekarun 1980, da kaset da ƙaramin injin wuta, sai kallo ya shigo unguwa, har ya shiga cikin gida wajen mata, waɗanda da ma al'ada ta hana su zuwa silima.

FUSKA BA SHAIDA BA CE

Abin da ya kamata a tuna shi ne, mafi yawan 'yan kallon nan ba su jin Indiyanci, Turancin ma na 'yan kaɗan ne, kuma a lokacin babu mai fassara. Fim ɗin bincike kuwa rabinsa magana ce: ina kake ƙarfe tara na dare, wa ya gan ka, me ya kai ka. Wanda ba ya jin maganar dole ya koma ga idonsa. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, da wannan ma'auni aka fara. Duk wanda aka gani da siririn gashin baki, da taba a gefen leɓe, yana murmushi da rabin baki, an gama masa shari'a tun bai buɗe baki ba. Sarkin masu irin wannan fuska kuwa shi ne Pran, ɗan wasan nan da ya shekara aru-aru yana fitowa a mugu, har ake cewa iyaye a Indiya sun daina raɗa wa 'ya'yansu sunansa.

Shi ya sa har yau in aka ambaci Gumnaam, fim ɗin 1965, sai ka ga dattawa suna dariyar kansu. Mutum bakwai aka ce sun ci gasar tafiya yawon buɗe ido, jirgin sama ya sauke su a wani wuri da ba kowa bisa hujjar ya sami matsala, ya tashi ya bar su tare da ma'aikacin jirgin guda ɗaya, watau Manoj Kumar. Suka iske wani katafaren gida, da kuku a ciki wanda ya san da zuwansu, har ya yi musu girki. Daga nan aka shiga kashe su ɗaya bayan ɗaya. Pran yana cikinsu, lauya ne mashayi, kuma ko tantama babu kowane ɗan kallo ya ɗora masa laifin tun gawar farko. Ana nan ana jiran ranar tonon asirinsa, sai ga shi shi ma an tsince shi a mace. An ɗauko gindin labarin ne daga littafin Agatha Christie na 1939, inda mutum goma ne aka tara a tsibiri, amma masu fim ɗin sun san 'yan kallonsu, sun san cewa fuskar Pran kaɗai ta isa tarko.

Bayan shekara biyu, a 1967, sai Jewel Thief ya zo ya ƙarasa rushe ma'aunin fuska. Dev Anand ne ya fito a matsayin ɗan kwamishinan 'yan sanda, wanda ko'ina ya shiga sai a kira shi da sunan wani gawurtaccen ɓarawon lu'ulu'u, wai kamarsu ɗaya. Wata yarinya ma ta tsaya a bainar jama'a ta ce shi ne ya yi mata alkawarin aure. Wurin da 'yan majalisa ba su mantawa shi ne inda aka ce ɓarawon yana da yatsa shida a ƙafa, aka sa saurayin ya cire takalmi da safa a gaban taro, aka ƙirga, aka sami biyar. Kalmar Indiyanci ko ɗaya ba a bukata domin gane wannan. Wanda ya shirya makircin kuwa mutum ne da fuskarsa ta fi ta kowa kamala a fim ɗin, kuma ba zan faɗi sunansa a nan ba, domin dalilin da zan zo kansa.

Akwai kuma C.I.D. na 1956, wanda Raj Khosla ya shirya, inda aka kashe editan jarida saboda yana shirin tona asirin wani attajiri mai fuskar mutunci, sa'an nan aka juya laifi kan sufeton da ke binciken kansa. Sunan fim ɗin ma ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe, tun da har gobe ɗan si'aidi muke kiran ɗan sandan da ba ya sa kaki.

To, amma jirgin ƙasa ya kai fim wurare da yawa, me ya sa na bincike ya sami gindin zama haka a wannan yanki? A ganina amsa ta biyu tana cikin rairayi. Ƙasar Manga da Bade, daga Machina zuwa Yusufari, ƙasa ce ta makiyaya da raƙuma, kuma duk inda ake kiwo akwai masu bin sawu. In an kore shanu da dare, kafin a je ga 'yan sanda su ake fara nema. Gwani a cikinsu yakan duba ƙasa ya gaya maka dabba nawa ce, da gudu aka kora su ko da tafiya, raƙumin da aka bi da shi da kaya ne ko babu, mai korar yana ɗingishi ko lafiyayye ne, kuma ko sawun na daren jiya ne ko iska ta riga ta kwana biyu tana cin bakinsa. Yaron da ya tashi yana ganin haka, ranar da ya ga Bature ya durƙusa da gilashi yana duba sawu a laka, ba wani abin al'ajabi ya gani ba. Sana'ar kawunsa ce aka sa wa kwat.

Ashe ma dangantakar ta wuce kama. Malaman tarihi na Musulunci, irin su Ɗabari da Mas'udi, sun kawo labarin 'ya'yan Nizaru ɗan Ma'addu su huɗu, Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, waɗanda suka nufi Najran wajen wani mai hukunci domin rabon gado. A hanya suka gamu da mai cigiyar raƙumi. Ɗaya ya tambaye shi ko raƙumin mai ido ɗaya ne, ɗaya ya ce ko yana karkata gefe guda, ɗaya ya ce ko ba shi da wutsiya, na huɗu ya ce ko gudajje ne. Mutumin ya ce lalle shi ne, ku ba ni abina. Suka rantse ba su gan shi ba, shi kuwa ya riƙe su da sata har gaban mai hukunci. Can suka yi bayani: ciyawar gefe ɗaya kaɗai aka ci, sawun ƙafa ɗaya ya fi nutsewa, kashin a tare yake ba a warwatse ba, kuma dabbar tana wuce ciyawa mai kyau ba ta tsayawa. Aka sallame su. Wani reshe na wannan labari ya bi ta Farisa, aka buga shi a birnin Banis na Italiya a 1557, marubucin Faransa Voltaire ya ɗauke shi a 1747, kuma masana adabi da dama suna ganin daga nan zaren ya miƙe zuwa Edgar Allan Poe na Amurka a 1841, har ya iso kan Sherlock Holmes, wanda likita Conan Doyle ya fara wallafa labarinsa a 1887. Almajirin da ke cikin majalisa kuwa ba ya rasa tunatar da jama'a ƙissar Annabi Yusufu, inda aka warware ƙazafi ta hanyar duba ko ta gaba rigar ta yage ko ta baya.

ƁANGARE BIYU

Majalisar masu kallo takan rabu gida biyu, kuma rabuwar tsohuwa ce. Akwai mutanen Indiya, akwai mutanen Turawa. Na biyun yawanci waɗanda suka yi makaranta ne, tsofaffin malamai da akawuna da ma'aikatan tasha, waɗanda a samartakarsu suka yi ta musayar littattafan James Hadley Chase har bango ya fita, kafin nan kuma suka yi rububin mujallar hotunan nan ta African Film, mai ɗauke da Lance Spearman da hularsa da sigarinsa, wadda ta yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960. Ƙorafinsu ga finafinan Indiya guda ne: ana tsakiyar neman mai kisa, gawa ko sanyi ba ta yi ba, sai a tafi lambu a yi waƙa ta minti shida. Mutanen Indiya kuwa sukan mayar da cewa waƙar nan ita ce lokacin da ɗan kallo ke juyawa ga na kusa da shi su auna waɗanda ake zargi, kuma in ana son fim marar waƙa ai ga Ittefaq na 1969, wanda Rajesh Khanna ya fito, labarin dare ɗaya a gida ɗaya, ba waƙa ko guda.

Gwarzon mutanen Turawa shi ne Holmes, musamman kamar yadda Basil Rathbone ya fito da shi cikin finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946. Wasu kan ambaci Charlie Chan, ɗan sandan Honolulu ɗan asalin Sin, wanda ba ya jimla uku bai jefa karin magana ba, abin da ke yi wa kunnen Bahaushe daɗi. Ko da yake Warner Oland da ya fi shahara da sunan mutumin Suwidin ne aka yi wa kwalliya, kuma Sinawan Amurka sun daɗe suna kukan cewa an mai da su abin dariya. Tsohon ma'aikacin reluwe kuwa ba abin da ya kai masa Murder on the Orient Express na 1974, inda ƙanƙara ta tsare jirgin da ya taso daga Santambul, aka wayi gari da gawa mai sara goma sha biyu a ɗaki kulle, ba wanda ya shiga jirgin ba wanda ya fita. Mutumin da ya shekara talatin yana rubuta lokacin isowar jirgi da tashinsa ya fi kowa gane abin da ya sa mai bincike Poirot ya nace kan wane minti aka buga ƙararrawa, da wane ne ke tsaye a wane tarago.

Inda ɓangarorin biyu kan haɗu shi ne kan Columbo, wanda Peter Falk ya fara fitowa a jere a talabijin daga 1971. Nan an juya abin ne: tun minti na farko an nuna maka mai kisan, yawanci attajiri ne ko wani mai ji da iliminsa. Sai ga wani ɗan sanda da yamutsattsiyar rigar ruwa, da tsohuwar Fijo 403 wadda ko a tashar Gashuwa ba za ta sami fasinja ba, yana sosa kai, yana ba da labarin matarsa, kamar bai san abin da yake yi ba. Ya yi sallama ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo da wata 'yar tambaya guda. Talaka yana son wannan, domin ya san yadda ake yi wa mai arziki lamɓo.

Doka ɗaya ce duk majalisa ta yarda da ita, kuma ita ce dalilin da na ce ba zan faɗi sunan nan ba: ba a fasa ƙwai. In akwai ko mutum ɗaya a zaune wanda bai ga fim ɗin ba, sai a yi ta kewaye-kewaye, a ce mutumin nan, a ce wancan na wajen taga. Wanda bakinsa ya suɓuce ya faɗi mai kisa, ya shiga uku, domin za a shekara goma ana yi masa gori, kuma shi zai sayi goron majalisa.

Akwai wani labarin Holmes da ya dace da ranar biki ƙwarai, wanda aka buga a 1892, aka kuma yi shi a talabijin a 1984 da Jeremy Brett. Lokacin Kirsimeti ne a Landan. Aka tsinci wani shuɗin dutse mai daraja a cikin dinya, watau babbar agwagwar nan da Turawan Ingila kan yanka ranar bikinsu, wadda mutanen fadamar Nguru ba sa bukatar a kwatanta musu danginta. Dutsen na wata basarakiya ne, an sace shi a masaukin baƙi, kuma 'yan sanda sun riga sun kama wani mai gyaran famfo da aka kira aiki ɗakin, don kawai an taɓa ɗaure shi a baya. Holmes ya bi sawun tsuntsuwar daga wanda ya yar da ita zuwa wanda ya sayar, zuwa ɗan kasuwa, zuwa mai kiwo, har ya gano cewa babban ma'aikacin masaukin ne ya yi satar, kuma da gangan ya kira mai gyaran domin ya san tsohon tabonsa zai ja masa zargi. Da ɓarawon ya faɗi yana kuka, sai Holmes ya buɗe ƙofa ya kore shi, bisa dalilin cewa lokacin afuwa ne, kurkuku zai ƙarasa lalata shi, kuma in ya gudu ƙarar da ke kan mai gyaran za ta rushe.

Wannan hukunci yakan raba majalisa fiye da zancen waƙa. Wasu su ce ya yi daidai, ai yanzu muka gama neman gafarar juna, kuma wanda ya rufa asirin wani Allah Ya rufa nasa. Wasu su ce a'a. Ni dai ina tare da na biyun. Afuwa ta mai hakki ce, Holmes kuwa ba dutsensa aka sace ba, ba shi ya kwana a ɗaure ranar biki iyalinsa na kuka ba. Ba wanda ya je ya tambayi mai gyaran famfo ko ya yafe. Kyauta da kayan wani ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan hirar cika yini ce kawai. Mutanen Yobe sun ga shekarun da yatsa guda da aka nuna wa mutum kan raba shi da gidansa, ko da ransa, ba tare da an tambaye shi komai ba. Kuma a ƙarshen watan Maris na 2025, saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah, mafarauta 16 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su nan take. Duk Arewa ta yi kuka, kuma ya cancanta. Sai dai mu ma a kasuwanninmu, in aka ɗaga murya aka ce ɓarawo, mutum nawa ne ke tsayawa ya tambayi me aka sata, wa ya gani? Shari'ar da muke bi ta ɗora wa mai da'awa kawo hujja, mun kuma gaji cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Dattijon da ya taɓa rantsewa a kan Pran ya ji kunya, ya san da jikinsa yadda tabbaci kan cika ƙirji alhali babu komai a ƙarƙashinsa, kuma irinsa ne kan shiga tsakiyar taro ya ce a dakata a kai shi ofis.

DAGA KATI ZUWA WAYA

Wanda bai sami zuwa gida Sallah ba, a da sai ya aiko da kati. Akan saye shi tun tsakiyar azumi, a rubuta sunayen 'yan majalisa ɗaya ɗaya, a liƙa kan sarki, ya biyo jirgi zuwa gidan wayar Nguru, na Gashuwa kuma ya ƙarasa a mota. Sau da yawa sai Sallah ta wuce da mako yake isowa, amma a karanta shi a bainar jama'a, a soke shi a jikin bango har shekara ta kewayo. Masu son a ji su a duniya kuwa sai katin zaɓe. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya yi shirin Zaɓi Sonka, kuma ƙungiyoyin masu zaɓe suka bazu ko'ina cikin Arewa har Nijar da Kamaru da Gana. Mutum ya cika kati da sunan mutum ashirin, ya ce a gaishe su da Barka da Sallah, ya zaɓi waƙa, kuma ba abin mamaki ba ne waƙar ta zama ta wani fim ɗin Indiya da suka kalla tare. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama aminai ta wannan hanya, har da auratayya.

Wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, kati ya mutu a hankali. Darajar abin da ya maye gurbinsa ba ta fito sosai ba sai a 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa cikin watan Mayu, aka katse layukan waya na makonni da dama, har sai mutum ya shiga mota ya ƙetara Jigawa kafin ya ji muryar ɗansa. Yanzu kuwa gaisuwar Sallah ta zama hoton rago ko jinjirin wata da akan tura wa mutum ɗari a WhatsApp da taɓawa ɗaya, ba sunan kowa a ciki. Dattawan majalisa sukan amsa, amma ba su lissafa ta cikin gaisuwa. Zumunta a ƙafa take, in ƙafar ta gaza to a kira a ambaci suna.

Samarin yau kuma suna da nasu kallon. A shagon cajin waya ake tura musu fim, an riga an fassara shi da Hausa, irin aikin su Algaita, saboda haka ba su bukatar karanta fuskar kowa. Wanda suka fi kawowa in an yi zancen bincike shi ne Drishyam na 2015, inda Ajay Devgn ya fito a matsayin magidanci marar ilimin boko mai zurfi, wanda ya koyi dabara daga yawan kallon finafinai, ya ɓoye laifin da ya auku a gidansa, ya shirya wa iyalinsa shaidun ƙarya na tikitin mota da rasiɗin masauki har 'yan sanda suka rasa ta cewa. Dattawa sun yarda an yi gwaninta. Abin da ke damunsu shi ne, a nan ɗan kallo addu'a yake yi kada gaskiya ta fito. Samari su ce ai kare mutuncin 'yarsa ya yi, kuma wanda ya mutu shi ya ja. Wannan gardama ba a gama ta ba, an ɗage ta zuwa Babbar Sallah, lokacin da za a sami soyayyen nama a ci ana yi.

Kafin nan muna miƙa Barka da Sallah ga 'yan majalisun Nguru da Gashuwa, da na Jajimaji da Machina da Jakusko da Yusufari, da tsofaffin ma'aikatan tasha duk inda ritaya ta kai su, da tsofaffin masu katin zaɓe, da kuma wanda ake bin sa bashin goro tun shekarun bidiyo saboda ya faɗi wanda ya shirya makircin Jewel Thief.